Wane kafet zan shimfiɗa wanda ba zai kwanta cikin shekara biyu ba?

"Assalamu alaikum Malam. Muna shirin komawa sabon gida, bene ne, ina so in shimfiɗa kafet a falo da ɗakunan kwana uku da matakala. Wanda muka saya a gidan da muke ciki yanzu ya yi kyau ranar da aka kawo shi, laushi ba a magana, amma bai cika shekara biyu ba ya kwanta, hanyar da ake bi ta yi duhu, wanki ma bai dawo da shi ba. Ina da yara ƙanana, ɗaya yana fama da asma. Me zan duba don kada in sake asarar kuɗi? Kuma da gaske ne na ulu ya fi kowanne?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya sanya alheri, ya sa a shiga a sa'a. Idan na fahimce ki, abu uku kike son sani: me ya kashe tsohon kafet ɗinki da wuri, da me ake gane mai ƙarko tun yana kanti, sannan ko kafet zai zauna lafiya da yaro mai asma. Zan fara da na farko, domin amsar sauran daga nan take fitowa.

Kafet na zamani ba kasafai yake cinyewa har ya huje ba. Abin da ke faruwa shi ne kyansa ke tafiya alhali zarensa yana nan daram. Gashin kafet zare ne da aka murɗa aka tsayar. Idan ƙafa ta yi ta bi ta kansa, ko dai ya lanƙwashe ya kasa miƙewa, ko murɗin ya warware bakin zaren ya baje ya cakuɗe da na kusa da shi. Wannan shi ne kwanciyar da kika gani. Duhun hanyar kuwa, rabinsa ba datti ba ne. Yashi da ƙurar da takalmi ke shigowa da su suna sauka can gindin gashi, duk takun da aka yi sai su goge jikin zaren su karce shi. Zaren da ya karce ba ya mayar da haske yadda yake yi da, kamar gilashin da aka goga wa yashi, ko an wanke shi tas dishi-dishi zai ci gaba da yi. Shi ya sa wanki bai yi miki magani ba. Kuma laushin nan da ya ja hankalinki, sau da yawa daga dogon gashi ne siriri wanda aka dasa da tazara. Hannu yana jin daɗinsa, amma shi ne ke riga kowa kwanciya. A aikina na shimfiɗa kafet, yawancin waɗanda ake kirana in cire tun lokacinsu bai yi ba irin wannan ne: an zaɓe su da tafin hannu da ido, ba a tambayi da me aka yi su ba.

Da wane zare aka yi shi

A bayan samfur ko a takardar da ke manne da naɗin ana rubuta sunan zaren, wani lokaci a taƙaice. Ki nemi a nuna miki. Mai kantin da ya ce bai sani ba, ko ya ce "ai mai kyau ne kawai", ki ɗauka mafi arha ne a cikinsu.

Ulu ya cancanci sunan da ya yi, amma ba a kowane gida ya fi ba. Zarensa yana da lanƙwasa ta halitta, ana taka shi yana tashi, yana tsufa da mutuncinsa, kuma ba ya kama wuta da sauƙi. Idan garwashi ya faɗa masa ƙuna yake yi a wurin ya tsaya, ba ya narkewa. Yana iya shan danshi da ya kai kusan kashi 30 cikin ɗari na nauyinsa ba tare da hannu ya ji shi a jiƙe ba. To amma wannan shan ruwan shi ne matsalarsa a gidan yara: abin sha mai kala ko fitsari idan ya shige shi aka bari ya kwana, tabon kan zauna. Bilic yana cinye shi, sabulu mai ƙarfi yana lalata shi, asu kuma yana cinsa a ƙarƙashin kabad da gado inda ba a sharewa. Ga tsada. Abin da aka fi yi shi ne gauraye, kashi 80 ulu, kashi 20 nailan, kuma wannan haɗin na yarda da shi ƙwarai.

Nailan, wanda za ki ga an rubuta PA a takarda, shi ne mafi juriyar taku a cikin zaren roba. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro shi a 1935, har yau kuma shi ake shimfiɗawa a yawancin otal-otal da ofisoshi. Idan ya kwanta, wankin ruwan zafi na inji yakan tashe shi. Rauninsa yana iya shan tabo mai kala, sai dai in an yi masa maganin hana tabo, ko kuma irin wanda aka zuba wa launi tun robar tana narke kafin a ja ta ta zama zare. Ki riƙe wannan bambancin. Launin da aka zuba tun a narke ya ratsa zaren ciki da waje, rana ba ta kodar da shi da wuri, wanki ba ya fitar da shi. Wanda aka rina daga baya kuwa, launin a jikin zaren yake ta waje.

Polifirofilin, wato PP, shi ne ya cika kasuwa saboda arha. Ba ya shan ruwa, kusan duk launinsa a narke ake zubawa, don haka shayi da lemo ba sa kama shi, har ana iya goge yawancinsa da bilic da aka sirka da ruwa. Ga uwa mai ƙananan yara wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai idan ya kwanta ya kwanta ke nan, babu wankin da zai tashe shi. Yana kuma jan maiƙo, har na tafin ƙafa, yana narkewa a zafin da bai wuce digiri 160 da 'yan kai na ma'aunin Celsius ba, ta yadda jan kujera mai nauyi da sauri kan iya barin layin ƙuna a kansa. Daga bayanin da kika yi, ina kyautata zaton tsohon naki ko dai wannan ne mai dogon gashi, ko kuma poliyesta, wanda ake rubutawa PES ko PET. Poliyesta yana da laushi da launi mai ɗaukar ido, yana jure tabon ruwa, amma shi ma ba ya son yawan taku. A ɗakin kwana ba shi da laifi.

Wanda zan ce ki guje masa gaba ɗaya shi ne biskos, mai sheƙin nan da wasu ke sayarwa da sunan siliki. Ruwa tsagwaronsa idan ya zube masa yakan bar tabo ya taurara wurin. Idan kuma ana ce miki ulu ne kina shakka, ki karɓi 'yan zaruruwa daga gefen samfur ki ƙona a waje: ulu yana warin ƙonannen gashi, tokarsa tana murmushewa a yatsa, roba kuwa narkewa take ta dunƙule ta yi tauri.

Yawan gashi ya fi tsayinsa

Ko da zaren ya yi kyau, idan an yi rowarsa ba zai daɗe ba. Yawancin kafet ɗin da ke kasuwa ba saƙa shi ake yi ba. Inji ne mai ɗaruruwan allurai ke soka zare cikin wani ƙyalle, a shafa gam a bayansa, a manna wani ƙyallen. Wannan hanyar ta bunƙasa ne a garin Dalton na jihar Jojiya a Amurka, ita ce ta sa kafet ya yi arha har ya shiga gidajen talakawa. Saƙaƙƙen, irin su Axminster da Wilton, waɗanda sunayen garuruwa ne a Ingila, ya fi ƙarko amma ya fi tsada nesa. Tunda dai kusan tabbas dasasshen za ki saya, abin dubawa shi ne kusancin dashen. Idan zaruruwan suna manne da juna, kowanne yana tokare da na kusa da shi, babu inda zai faɗa, yashi ma ba ya samun hanyar sauka.

Gwajin ba shi da wuya. Ki lanƙwasa samfur ɗin ta baya, gashin yana waje. Idan nan da nan kika hango ƙyallen gindi tsakanin layuka, gashin ya yi kaɗan. Sannan ki danna babban yatsa da ƙarfi na ɗan lokaci ki ɗaga, ki ga ko ramin zai cike da sauri. Ki kuma dubi bakin zaren da kyau: na kirki za ki ga kowane ɗaya a murɗe tamau, bakinsa a tsuke, ba a baje ba. Kada nauyin da aka rubuta ya ruɗe ki. Akan rubuta giram nawa ne a kowane murabba'in mita, amma wani nauyin gashi kaɗai yake nufi, wani kuma ya haɗa da gam da ƙyallen baya. Kuma kafet biyu suna iya zuwa nauyi ɗaya, ɗaya dogo mai tazara, ɗaya gajere a cushe. Gajeren ne zai rayu.

Kafet da yawa, musamman waɗanda aka yi bisa ma'aunin Turai, suna ɗauke da lambar aji. Lamba 21 ta wurin da ba a cika takawa ba ce, 22 ta amfanin gida na yau da kullum, 23 ta inda ake yawan zirga-zirga a gida. Daga 31 zuwa 33 na wuraren aiki ne. Falo da korido da matakalar gida mai yara, kada ki sauka ƙasa da 23, in kin samu 32 ma ya fi. Akwai wata lambar daban, LC1 zuwa LC5, wannan kauri da jin daɗin taku take nunawa, ba ƙarko ba.

Gashin kansa iri biyu ne. Akwai wanda aka bar zaren a lanƙwashe kamar madauki, akwai wanda aka aske kansa. Mai madauki gajere yana jure taku sosai, ba ya nuna sawun ƙafa, sai dai idan kuna da kyanwa farcenta zai riƙa zaro shi, haka ma ƙugiyar abin wasan yara, kuma zare ɗaya idan ya zaru yakan ja layi guda. Askakke mai murɗi tamau shi na fi ba masu iyali shawara. Askakke mai santsi da sheƙi kuwa yana nuna kowane sawu, wani lokaci ma gashin wani yanki ya juya wata fuska ya yi kamar an zubar da ruwa, kuma wannan ba ya gyaruwa.

Abin da ke ƙarƙashi

A nan ne mutane suka fi yin sakaci, nan ne kuma nake so ki fi ba da hankali tunda gidan sabo ne. Siminti yana daɗewa yana fitar da danshi bayan samansa ya bushe, yakan ɗauki watanni. Idan aka rufe shi da kafet tun bai gama ba, danshin zai taru, gam ya saki, fumfuna ta kama, ɗakin ya riƙa wani wari da turare ba ya kashewa. Kafin a kawo kafet, ki yanki leda mai kauri kamar rabin mita kowane gefe, ki shimfiɗa a daɓen, ki like gefunanta huɗu da salatif, ki bar ta kwana ɗaya. Idan kika ɗaga kika ga raɓa a jikinta ko simintin ya yi duhu, a dakata. Ki yi gwajin a ɗakunan ƙasa musamman, kusa da bango da kusa da banɗaki. Ledar da ta fito a bushe ba shaida ce ta ƙarshe ba, akwai na'urar awon danshi da masu aikin kirki ke riƙewa, amma wadda ta fito a jiƙe ta gama magana. Daɓen kuma ya zama sumul. Kowane tudu ko tsaga zai fito a fuskar kafet, nan ne zai fara cinyewa. Idan tayil ne a ƙasa, layukan da ke tsakaninsu sukan bayyana idan kafet ɗin siriri ne kuma babu komai a ƙarƙashinsa.

Sai soson da ake shimfiɗawa kafin kafet. Mutane suna ɗaukarsa ƙarin kashe kuɗi, alhali shi ke karɓar nauyin taku maimakon gashin ya daku tsakanin ƙafa da siminti. Ni a wurina gara ki rage kuɗin kafet kaɗan ki sayi soso na kirki, da ki sayi mai tsada ki kwantar da shi a kan siminti tsirara. Akwai na kumfar roba, akwai na roba mai nauyi, akwai na matsattsen gashi, kaurinsu yawanci tsakanin milimita 7 da 12. Ki matsa shi da yatsu biyu. Wanda yatsunki suka haɗu ba wuya ba shi da amfani komai kaurinsa. Wasu kafet ɗin suna zuwa da nasu soson a manne a baya, waɗannan ba sa buƙatar wani, amma galibi na ƙaramin aji ne.

Kowane ɗaki da nasa

Ba dole ba ne kafet ɗaya ya rufe gidan duka. Ɗakin kwananki ba ya ganin takun da falo ke gani, a nan za ki iya biyan buƙatar laushi da poliyesta ko PP mai ɗan tsayi, ki tara kuɗin a falo da matakala. A falo, nailan askakke gajere mai launin da aka zuba a narke shi ne zaɓina na farko ga gida irin naki, ulu mai gauraye na biyu idan aljihu ya ɗauka kuma za a riƙa goge abin da ya zube nan take. Idan kuɗin bai kai ba, PP gajere a cushe zai yi, ki dai saya da sanin cewa bayan wasu shekaru za ki canza shi.

Matakala ita ce mafi wahala, domin duk nauyin mutum a bakin kowane taki yake sauka, a nan kuma kafet ɗin yake a lanƙwashe gashinsa a buɗe. A sa gajere mai cushe, soson ƙarƙashi ya zama siriri mai tauri kuma ya zagayo bakin takin, gashin ya kwanta yana kallon ƙasa. Dogon gashi da soso mai taushi a matakala suna sa ƙafa ta zame, ga kuma yara masu gudu. Kicin da banɗaki da bakin ƙofar shigowa kada kafet ya je wurin. A ƙofa ki ajiye abin goge ƙafa mai faɗi, ɗaya a waje ɗaya a ciki. Duk yashin da ya tsaya nan bai kai ga gashin falonki ba.

Maganar yaron

Ni ba likita ba ne, kuma abin da ke tayar wa wani asma ba shi ke tayar wa wani ba, don haka ki tambayi likitan da ke duba shi kafin ki yanke. Abin da na sani ta ɓangaren sana'ata shi ne kafet yana riƙe ƙura, kuma a cikin ƙurar akwai wasu ƙananan ƙwari da ido ba ya gani, waɗanda ke yaɗuwa idan danshin iska ya haura kashi 50 cikin ɗari, kashinsu kuma yana cikin abubuwan da suka fi tayar da asma. Da ni ne, ɗakin da yaron yake kwana ba zan manne masa kafet bango zuwa bango ba. Zan bar tayil ko leda, in ajiye ƙaramar darduma da za a iya ɗagawa a wanke a shanya. A sauran gidan, gajeren gashi ya fi sauƙin tsabtacewa.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya kamata ki tambayi kanki tun kafin ki je kanti: kina da injin zuƙar ƙura, kuma za a riƙa amfani da shi? Tsintsiya saman kafet kawai take sharewa, ƙurar ta tashi sama ta dawo, yashin gindi kuwa yana nan. Idan babu injin, manyan dardumomi da ake iya fitarwa a kakkaɓe sun fi miki kafet ɗin da aka manne. Idan akwai, a nemi mai matatar HEPA, wato wadda ke tsare ƙurar da ido ba ya gani, saboda yaron, a bi falo da matakala aƙalla sau biyu a mako, yana waje lokacin da ake yi. Wankin inji na ruwan zafi kuma duk shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. A kula kada a jiƙa shi sharkaf, domin kafet ɗin da ya wuce kwana biyu bai bushe ba fumfuna ta samu wuri. Sabulun da ba a ɗauraye ba shi ma yana zama danƙo ya riƙa kama datti, shi ya sa wasu ke cewa kafet ɗinsu ya fi saurin baƙi bayan wanki.

Sabon kafet yana da wari, daga gam ɗin bayansa da wanda aka manna shi da shi. A shimfiɗa kafin ku tare, a buɗe tagogi kwana biyu zuwa uku. Alamar Green Label Plus ta Amurka ko GUT ta Turai a takardar tana nuna an gwada yawan abin da yake fitarwa cikin iska.

Launi, awo da ranar shimfiɗa

Launi na bari ƙarshe da gangan. Ki roƙi samfur ki kai gidan, ki ajiye a ƙasa ki gan shi da rana da kuma dare ƙarƙashin fitilunki, domin hasken kanti ba irin na gida ba ne, kuma idan ya cika ɗaki yakan fi yadda yake a ɗan guntu haske. Fari da ruwan madara suna nuna tabo, baƙi da shuɗi mai duhu suna nuna ƙura da kowane ɗan zare. Matsakaicin launi mai ɗigo-ɗigo ko gauraye biyu shi ke rufa wa gidan yara asiri.

Kafet yana zuwa a naɗi mai faɗin mita 4 ko 5, na Amurka kuma ƙafa 12, wato mita 3.66. Saboda haka ba faɗin ɗaki sau tsawonsa kawai za ki biya ba; ɗakin da ya kai mita 4.2 ko dai a sayi mai mita 5 a yar da ragowa, ko a yi haɗi. Ki sa wanda zai shimfiɗa ya zo ya auna da kansa, ya nuna miki inda kowane haɗi zai faɗo. Kada haɗi ya ratsa bakin ƙofa ko tsakiyar hanyar da ake bi, kuma gashin gutsattsarin duka ya kalli fuska ɗaya, in ba haka ba za su yi kamar launi biyu ne. Duk wanda za a shimfiɗa a wuri ɗaya a yanko shi daga rini ɗaya, ki duba lambar da ke jikin naɗin. Idan da soso za a yi, akan kafa siraran katako masu ƙusoshi a gefen bango a ja kafet ɗin da abin miƙarwa har ya ɗame. Wanda ba a ja sosai ba bayan 'yan watanni yake tattarewa ya yi tudu-tudu. Ki kuma sa a gwada ƙofofi, domin kafet da soso sukan ɗaga ƙasa har ƙofa ta riƙa gogawa, sai an rage gindinta.

A makonnin farko za ki ga gashi yana fita a injin, musamman idan ulu ne. Guntayen da aka aske ne, zai daina. Zaren da ya tsiro ya fi sauran tsayi a yanke shi da almakashi daidai da saura, kada a ja. Ragowar da ta rage bayan aiki kuma kada ki bari a tafi da ita, ki naɗe ki ajiye tare da takardar da ke ɗauke da sunan zaren da lambar rinin, da ita za a yi faci ranar da dutsen guga ya faɗi ko tawada ta zube.